Rufe Bakin Ƙwaro da Amanar Mai Shaida

Tun ranar da Adamu ya fita daga gonar Aidan, manomi da ƙwaro suke cin tuwo a akushi ɗaya, ba da son ran manomi ba. An yi yaƙin nan da toka, da hayaƙi, da guba. Guba mafi suna ita ce Di-Di-Ti, wadda ta sa aka ba Paul Müller lambar Nobel a 1948. Ta kashe sauro da ƙwarin gona, amma ba ta san abokin gaba da maƙwabci ba. Ƙudan zuma da kifi da tsuntsaye suka sha wuya, har Amurka ta hana fesa ta a gonaki a 1972. A Matiyu sura 13 Ubangiji ya ba da misalin barorin da suka so cire ciyawa daga cikin alkama, maigida ya hana su don kada alkamar ta bi ciyawar. Mai feshi ya daɗe yana yin abin da aka hana barorin nan.

Yanzu ga wata hanya dabam. A cikin kowace ƙwayar jikin mai rai akwai littafin gado, inda aka rubuta yadda za a gina jikin. Littafin ba ya barin ɗakinsa. Sai a kwafi umarni ɗaya a ba ɗan aike, wanda masana ke kira Ar-En-E, ya kai wurin aiki. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna, a jikin wata 'yar ƙaramar tsutsa, cewa idan aka shigar da irin wannan saƙo mai tufka biyu, jikin yakan ɗauke shi kamar cuta ce ta shigo, ya daddatse shi, ya kuma bi duk saƙon da ya yi kama da shi ya hallaka. Umarnin yana nan a littafi, amma ba mai isar da shi. Suka karɓi lambar Nobel a 2006. A 2007 aka nuna masara za ta iya ɗauke da saƙon da zai kashe tsutsar da ke cin saiwarta, hukumar kare muhalli ta Amurka kuwa ta yarda da irin masarar a 2017. A ƙarshen 2023 ta yarda da maganin feshi mai suna Calantha domin buzuzun Kolorado mai cin ganyen dankalin Turawa, ƙwaron da ya riga ya gagari magunguna fiye da 50.

Ko ya halatta mutum ya sa hannu a asirin halitta haka? Waɗansu masu bi suna jin tsoro, tsoron kuwa ba abin dariya ba ne. Amma wanda ya yarda a kashe ƙwaro da guba mai kashe kowa, da wuya ya ƙi abin da ke neman mai laifi shi kaɗai. Farawa 2:15 ta ɗora wa mutum aiki biyu, noma da tsaro. Maimaitawar Shari'a sura 22 ta bar mutum ya ɗebi abin da ke cikin sheƙar tsuntsu, ta hana shi haɗawa da uwar. An ba shi izinin ɗiba, an kuma sa masa iyaka. In sabuwar hanyar tana barin ƙudan zuma da rai, ta fi tsohuwar kusa da iyakar nan.

Sai dai duk maganar ta rataya a kan wannan "in". Manomi yana ganin gawar tsuntsu bayan feshin guba, amma ba ya iya ganin ko saƙon da aka rubuta domin buzuzu ya yi kama da wani umarni a jikin ƙwaro mai amfani. Wanda ya gani shi ne mai binciken, galibi kuwa ba babban malamin jami'a ba ne. Saurayi ne ko budurwa da suka gama digirin dakta, aka ɗauke su aikin shekara biyu ko uku a ɗakin gwajin wani. Su ne ke kiwon ƙwari, su gwama haruffan gadon wannan da na wancan, su ciyar da ƙudan zuma maganin, su ƙirga matattu da safe. Samun aikinsu na gaba ya dogara ga abin da suka buga, mujallu kuwa sun fi marmarin labarin nasara. Ga jaraba a fili: a buga gwaji ukun da suka yi kyau, a bar na huɗu a aljihun tebur. Ba a faɗi ƙarya ko ɗaya ba, duk da haka dokar da ta hana shaidar zur ta shafi wannan, gama mai shaidar da ya ɓoye rabin abin da ya gani ya karkatar da shari'a.

Akwai waɗanda suka riƙe amanar. A 2018 masu binciken kamfanin Monsanto, wanda ya ƙirƙiro masarar, suka buga da kansu cewa sun yi kiwon tsutsar saiwa a ɗakin gwaji har ta daina mutuwa. Hanjinta ya rage karɓar saƙon, kuma ba saƙo ɗaya kaɗai ba, har da waɗansu da aka gwada mata. Labarin ba mai daɗi ba ne ga mai sayarwa, amma saboda shi aka san kada a jingina ga maganin shi kaɗai.

Irin wannan shaida tana da amfani har ga mai gero a Maraɗi ko Damagaram. Hanyar ta fi kama dangin buzuzu. Tsutsotsin malam-buɗe-littafi da danginsu, kamar tsutsar masara da ta bayyana a Afirka ta Yamma a 2016, ba ta cika kama su ba. Fara ma, in an yi mata allurar saƙon yakan yi aiki, in ta ci da baki sai ruwan hanjinta ya narkar da shi. Waɗanda suka gwada suka kasa, suka rubuta kasawar dalla-dalla, su ne suka nuna wa na bayansu inda matsalar take, shi ya sa ake ta neman abin da za a naɗe saƙon a ciki ya wuce hanjin lafiya.