Sakin Gaggawa

Kwanan baya ina zaune a zauren wani malami bayan sallar la'asar, sai ga wani magidanci, wanda duk unguwa ta shaide shi da sahun gaba da azumin Litinin da Alhamis, ya shigo ya durƙusa, ya ce, "Allah gafarta Malam, jiya da dare raina ya ɓaci a kan tuwo, na yi wa uwar yaran nan saki uku, ko akwai wata dabara?" Malam ya tambaye shi ko tana cikin tsarki sa'ad da ya furta, ya ce bai sani ba. Ya tambaye shi inda take, ya ce ai tun da asuba ya sa ta kwashe kwanukanta ta tafi gidansu, yara kuwa ya riƙe abinsa, har da wanda aka yaye bana.

Abin al'ajabi ga irin wannan mutum shi ne, ba zai yi kabbarar harama ba sai ya tabbata alwalarsa ta inganta, in kuwa ya yi rafkanwa a raka'a zai tashi takanas ya je ya tambaya ƙabli ne ko ba'adi, amma igiya uku da aka ɗaura a gaban shaidu sai ya tsinke su a numfashi ɗaya, bai taɓa tambayar kowa hukuncinsu ba. Alhali kuwa Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ta koya masa farillan alwalar, a cikinta babin aure da saki yake, da ya yi haƙurin karatu ya kai can. Addininsa ya tsaya a masallaci, bai biyo shi gida ba.

Shari'a ba ta haramta saki ba, sai dai ta tsawaita hanyar zuwa gare shi. Suratun Nisa'i ta yi umurni, in an ji tsoron ɓaraka, a tashi masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. In abin ya faskara, sunna ita ce saki ɗaya, cikin tsarkin da bai kusance ta ba. Sa'an nan Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da ita daga ɗakinta har idda ta cika, ci da sha kuma suna wuyansa. Duk mai hankali zai ga hikimar wannan, domin mutumin da zai yi tsawon tsarki uku yana jin motsinta a tsakar gida, yana ganinta da goyo, in zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare su biyun ne a kansa, da wuya fushin tuwo ya kai ƙarshen idda. In kuwa ya huce, sai ya yi kome, ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure, maƙwabta ma ba lalle su ji ba. Abdullahi ɗan Umar, da iliminsa da tsantseninsa, ya saki matarsa tana haila, mahaifinsa ya kai magana ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka umurce shi ya mayar da ita ya jira tsarki. In ɗan Sayyadina Umar bai sami rangwame ba, ina wanda aka ɓata wa miya zai samu?

Mutanen da sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma da zaman suka fara. Saɓani haƙƙin zama ne, ba dalilin watsewa ba.

Dabarar da mutumin nan yake nema kuwa kowa ya san ta, ita ce auren kisan wuta, a samo wani ya aure ta kwana biyu ya sake ta don ta halatta. Wannan kuwa Annabi ya la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa, malaman Malikiyya kuma sun ce auren ɓatacce ne, ba ya halatta komai. Haka nan ƙwace yara da yake taƙama da shi, domin a mazhabarmu renon ɗa namiji haƙƙin uwa ne har ya balaga, na 'ya mace har ta tare a ɗakin miji, muddin uwar ba ta yi wani aure ba, uba kuma ciyarwa ce tasa. Amma sai ka ga yaro ɗan shekara 3 yana bin bango yana kiran uwarsa, uban yana waje yana jan tasbaha! Subhanallahi!

Ya ku waliyyai da limamai masu ɗaura aure, kafin ku karɓi sadaki a raba goro, ku tambayi ango hukuncin saki da idda a gaban wakilinsa. In bai sani ba, ku zaunar da shi ku karantar da shi tukuna.