Taimako Ko Tauyewa?

Mai karatu, ka sha gani a finafinanmu: tsoho kwance a tabarma, 'yar kirki na ba shi kunu a baki, mu kuma muna ta share hawaye. To amma ka taɓa tambayar kanka, anya tsohon nan ba zai iya riƙe ludayin da kansa ba?

Ɗauki misalin dattijo a wani ƙauyen Malumfashi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a noman auduga da masara, sai hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. 'Ya'yansa biyu sun saɓa. Na Funtuwa ya ce, "Kada Baba ya sake ɗaga ko tsinke." Na gida ya ce, "Haba Yaya, ai yana cin tuwo da kansa, lafiyarsa lau." Dukkansu ba su auna ba.

A 1963 wani likita a Amurka, Sidney Katz, ya fitar da ma'auni na abubuwa shida: wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga shimfiɗa, riƙe fitsari da bahaya, da cin abinci. A kowanne sai a duba: yana yi shi kaɗai, ko sai an kama masa? Mu sai mu ƙara da alwala da takawa zuwa masallaci.

Ga inda gizo ke saƙar. In ka yi wa Baba abin da yake iyawa, gaɓoɓinsa za su ƙara sanyi, ka kuma ƙwace masa girmansa. In ka bar masa abin da ya gagare shi, wata rana sai dai a tsince shi a ƙasa a makewayi. Kunya kuwa ba za ta bar shi ya faɗa wa suruka cewa ɗaure wando ya fi ƙarfinsa ba. Don haka a sa ido da ladabi, ɗansa namiji kuma ya tambaye shi a keɓe, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aunawar nan adalci ce har ga mai jinya. Da kaka, kowa ya tafi gona, wa ake bari? Sau tari jika ce 'yar makaranta. In an san wanka da bayan gida kaɗai Baba ke buƙata, sai maza su raba safe da yamma, yarinya ta koma aji.

Kuma a riƙa sake dubawa, don ƙarfin bara ba shi ne na bana ba. Kai fa, ran da tsufa ya riske ka, me za ka so a bar maka ka yi da hannunka?