Karyayyen Hannu a Ɗakin Jarrabawa



A ƙasarmu ta Sheme da kewayenta, daga Faskari zuwa Ƙanƙara da Sabuwa, lokacin jarrabawa da lokacin noma tare suke zuwa. Jarrabawar WAEC ta kammala sakandare takan faɗo a watannin Mayu da Yuni, ta NECO kuma ta biyo baya a Yuni da Yuli, daidai lokacin shuka da noman fari. Hannun da ya riƙe fartanya da asuba, shi ne zai riƙe alƙalami da hantsi. To, sai ƙaddara ta faɗa wa wannan hannu: yaro ya faɗo daga babur a hanyar Funtuwa, ko adda ta sare shi a gona, ko tafasasshen mai ya ƙona yarinya a madafi. Ga shekara shida ta sakandare, ga kuɗin rajista da aka sayar da buhun masara ko akuya aka biya, duka suna neman salwanta saboda yatsu biyar. Mun kuma san wahalar da 'ya'yan wannan yanki suka sha kafin su kai aji shida. Ba mu manta da watan Disamba na 2020 ba, sa'ad da aka sace ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantu. Yaron da ya jure wannan duka, bai kamata karaya ta mayar da shi gida ba.

Waliyyi Luka, a sura ta 6, ya ba mu labarin mutumin da hannunsa ya shanye, ya kuma faɗa mana cewa hannun dama ne, wato hannun aiki da neman abinci. Ran Asabar ne, a majami'a, masanan Attaura da Farisiyawa sun zuba ido su ga ko Yesu zai keta doka. Ubangijinmu ya kira mutumin ya tsaya a tsakiyar jama'a, inda kowa zai ga lalurarsa, sa'an nan ya warkar da shi. Mu kuwa sau da yawa ɓoye lalura muke yi. Yaro yakan ji kunya ya rufe hannu da riga, iyaye su yi shiru har ranar jarrabawa ta zo. Bishara tana koya mana mu fito da mai rauni fili tun da wuri, domin a fili ne taimako yake samunsa.

Hakki na farko shi ne magani. Mun san darajar masu ɗori a garuruwanmu, amma ɗaurin da ya matse ƙwarai yakan tsayar da jini, hannu ya ruɓe har a kai ga yankewa. In yatsu sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko sun soma baƙi, ko yaro ya daina jin su, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana. A Babban Asibitin Funtuwa da makamantansa akan duba ƙashin a gyara. Karayar hannu takan ɗauki makonni kafin ta haɗe, gaggawar jarrabawa ba za ta sa ƙashi ya yi sauri ba.

Hakki na biyu shi ne takarda. A karɓo shaidar likita, a kai wa shugaban makaranta nan da nan, shi kuma ya rubuta wa hukumar jarrabawa yana roƙon a ƙara wa yaron lokaci, ko a yarda wani ya rubuta abin da yake faɗa a gaban mai sa ido. Wannan roƙo ba abin kunya ba ne. Annabi Irmiya faɗa yake yi, Baruk ɗan Neriya yana rubutawa. Wasiƙar Bulus Manzo zuwa ga Romawa, Tartiyus ne ya riƙe alƙalaminta, ya ma ambaci kansa a sura ta 16. Duk da haka muna kiranta wasiƙar Bulus, gama tunanin nasa ne. Kafin amsar hukuma ta iso, yaro ya riƙa gwada rubutu da ɗaya hannun, kada kuma kowa ya tsangwame shi don ya yi da hagu. Allah da ya halicci dama, shi ya halicci hagu.

Hakki na uku shi ne gaskiya, a nan kuwa jaraba take. Wani zai zo da murya mai taushi ya ce, tunda yaron ba shi da lafiya, a kawo ɗan kuɗi a shigar masa da amsa, ko wani ya zauna a madadinsa. 'Yan'uwa, Tartiyus hannu ya ba Bulus aro, bai ƙara masa ko da tunani ɗaya ba. Wanda ya rubuta wa yaro abin da yaron ya faɗa, ya yi aikin jinƙai. Wanda ya rubuta masa abin da bai sani ba, ya sa shi cikin sata da shaidar zur, dokar ƙasa ta 1999 kuma ta tanadi tara da ɗauri a kan satar jarrabawa. Kayan aro ba ya rufe katara. Karayar ƙashi takan warke cikin makonni, amma lamirin da iyaye suka karya wa ɗansu da kansu yakan daɗe yana ciwo.

In kuwa an yi iyakar ƙoƙari jarrabawar ta wuce, kada mu karai. Sarki Yehoyakim ya yayyanka littafin Irmiya ya ƙone shi a wuta, annabin ya ɗauki sabuwar takarda, Baruk ya sāke rubutawa, har da ƙari. WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu wajen ƙarshen shekara. Uba kada ya ce a bar karatun haka nan, uwa kada ta ce a yi wa yarinya aure a huta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da hannuwan Musa suka gaji a kan tudu, Haruna da Hur suka zaunar da shi a kan dutse, suka tallafe hannuwansa har faɗuwar rana. Haka ya kamata ikilisiyarmu ta zama. Katekis ya san 'yan aji shida na ƙauyensa. Zumuntar Mata ta taimaka da kuɗin mota zuwa asibiti. Matasa su karɓi noman yaron, abokan karatunsa su riƙa karanta masa darussa da yamma. In ɗan maƙwabcinmu Musulmi ne ya ji rauni, hakkin nan bai sauka daga kanmu ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, kai da aka huda hannuwanka a kan gicciye, ka dubi 'ya'yanmu masu rauni a wannan lokaci na jarrabawa. Ka warkar da su, ka ba malamansu zuciyar tausayi, ka tsare mu iyaye daga hanyar ha'inci. Budurwa Maryamu, Uwar Allah, ki yi addu'a dominmu. Amin.