Tarakta da Ma'aunin Bukata

Ɗan kasuwar Sabo a Ibadan, unguwar fataken goro da shanu tun 1916, idan ya mallaki gona a bayan gari, yakan rasa wadda zai zaɓa tsakanin babbar Massey Ferguson da ƙaramar tarakta mai taya biyu. Wannan tambaya ce ta addini, domin dukiya amana ce, kuma Musulunci ya hana almubazzaranci. Injin da ya fi ƙarfin gona yana cin kuɗi yana tsatsa a banza. Wani zai ce babbar tana biyan kanta idan ana ba maƙwabta haya. Haka ne, muddin akwai makaniki da kayan gyara kusa, kuma ba da bashin ruwa aka saye ta ba. Idan sharuɗɗan sun cika, babbar ma daidai bukata ce.