Jiki Magayi: Shin Zafi Azaba Ne Ko Rahama?

 

Ya ɗan uwa, da za a ce ka zaɓi a raba ka da jin zafi har ƙarshen rayuwarka, za ka karɓa? Kafin ka amsa, dubi yadda aka tsara jikinka.

A cikin kanka akwai ƙwaƙwalwa mai nauyin kilo 1.4 ko kusa da haka, tana ɗauke da ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86. Daga gare ta laka ta sauko cikin ƙashin baya. Jijiyoyin saƙo, waɗanda ba na jini ba, sun fito biyu-biyu: tagwaye 12 daga ƙwaƙwalwa, 31 daga laka, suka bazu har yatsun ƙafa. Wasu na kai labari sama, wasu na kawo umarni ƙasa, mafi saurinsu na kai mita 120 a daƙiƙa guda. Idan mai shayi ya taɓa garwashi, laka ce take ba da umarnin janye hannu, tun kafin labarin ya isa ƙwaƙwalwa. An kuɓutar da bawa kafin ya san yana cikin haɗari, balle ya roƙa.

To, yaya wanda aka ɗauke masa wannan mai gadi? Kuturta ta ba mu amsa. Ƙwayar cutar, wadda likita Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873, tana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa da fuska. Mutum ya taka ƙaya bai ji ba, ya ɗauki tukunya daga murhu bai ji ba, miki ya zama gyambo, yatsu su yi ta ƙarewa. Mafi yawan ɓarnar daga rashin jin zafin take. Shi ya sa a wuraren jinya irin asibitin Danja kusa da Maraɗi ake koya wa majinyata duba tafin ƙafa kullum, ido ya riƙe aikin da jijiya ta bari. Masu ciwon sukari da ƙafarsu ta mutu ma haka ake umartar su.

Sai dai mai hankali zai ce: ai ba kowane zafi ke gargaɗi ba. Gaskiya ne. Wanda aka yanke wa ƙafa yakan ji ciwo a ƙafar da babu ita. Yaro mai amosanin jini yana kwana kuka, kuma babu wutar da zai janye hannu daga gare ta. Irin wannan zafi magani yake bukata, kuma neman magani bai saɓa wa haƙuri ba. Kada mu tsaya kan mara lafiya muna masa wa'azin falalar ciwo alhali muna da kuɗin motar kai shi asibiti.

Haka lamarin zuciya yake. Wannan ɗacin da kake ji bayan ka tauye mudu, ko ka ci naman maƙwabci a majalisa, shi ne jijiyar ruhinka. Malaman tarbiyya sun fi jin tsoron ranar da muridi zai yi saɓo ya kwana lafiya, domin alama ce jijiyar ta fara mutuwa. Maganinsa irin na mai duba tafin ƙafa ne: muhasaba kowane dare, da zama kusa da wanda zai nuna maka mikin da ba ka ji. Amma akwai kuma zafin zuciya marar amfani, wato waswasi da yanke ƙauna bayan tuba ta gaskiya. Wannan ciwo ne a ƙafar da aka riga aka yanke, a nemi waraka daga gare shi.

Abu na ƙarshe, ƴan uwa: kuturta tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, kuma kyauta ake ba da shi tun 1995. Wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa wanda ba ya jin taɓawa, ya gaggauta zuwa likita. Wanda kuma yake ƙyamar gaisawa da kuturu, ya binciki kansa: tsakaninsu wa ya fi rasa ji?

Allah Ya raya zukatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.