Dariyar Majalisa da Kiran Allah

A ƙauyukan Bichi da Dambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, ba a yin abu a ɓoye. Dattijon da ya ɗauki allo bayan ya aurar da 'ya'ya, ko matar auren da ta fara zuwa Islamiyya, kafin kasuwa ta zagayo an laƙaba musu suna a majalisa. Ni a ganina su ci gaba. Sanin yadda ake bauta wa Allah farilla ne, kuma dariya ba hujja ba ce. Annabi Nuhu yana sassaƙa jirgi manyan mutanensa na wucewa suna yi masa izgili, hakan bai hana ruwa zuwa ba.

Ba sai mun je nesa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara wa'azi wajajen 1774, mata kuma suna halartar majalisinsa. Wani malami, Mustafa Gwani, ya zarge shi da cakuɗa maza da mata. Abdullahi ƙanin Shehu ne ya mayar da amsa: ya musanta cakuɗar, ya kuma nuna cewa barin mata ba su san addininsu ba shi ne ɓarnar da ta fi girma. A littafinsa Nurul Albab, Shehu da kansa ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje, matansu da 'ya'yansu mata na zaune cikin jahilci. Da ya ja da baya don gudun surutu, da wuya a samu Nana Asma'u da 'Yan Taru, waɗanda suka kai karatu har cikin ɗakunan matan karkara.

Mai ja zai ce ai Muhammadu Marwa Maitatsine ma ya yi da'awar kira, an yi masa dariya bai saurara ba, har Kano ta rasa mutane fiye da 4,000 a Disambar 1980. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ina karɓarta: izgilin mutane ba ya tabbatar da gaskiyar kowa. Amma kiran Allah yana da ma'auni a wajen zuciyar mai shi, wato Alƙur'ani da Sunna da fahimtar malamai. Gwani ya kawo hujja, aka amsa masa da hujja. Marwa kuwa tsinuwa yake mayar wa duk wanda ya ja da shi. Mai amsa kira na gaskiya yana toshe kunne ga ba'a, amma yana buɗe shi ga gyara.

Abin da ya fi wuya shi ne masu dariyar ba baƙi ba ne. Su ne za su zo maka gayya, su ara maka garma, su ɗauki gawarka. Saboda haka dattijon nan bai kamata ya yanke zumunci ko ya raina su ba. Ya gaishe su a majalisa kamar kullum, ya je musu suna da biki, in an kira la'asar ya yi salla tare da su, sannan ya wuce zauren malam.