Alhakin Mai Ba da Shawara

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kafa Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda mataimakin shugaban ƙasa ke jagoranta, da gwamnonin jihohi da gwamnan Babban Banki a cikinta, amma iyakar ikonta ba da shawara. Nan tsohon saɓanin malamai kan shura, wato tuntuɓar masana kafin yanke hukunci, yake dawowa: shin tana ɗaure shugaba, ko haska masa hanya kawai take yi? Ko da an ɗauki ra'ayi na biyu, mashawarci bai kuɓuta ba, domin amana ce a wuyansa, kuma idan ya kame bakinsa don gudun ɓacin ran shugaba alhali ya san matakin da shugaban ke shirin ɗauka zai tayar da farashin buhun masara a kasuwar Dawanau, yana da kaso a alhakin.